Motar Turai Mai Gudu ko Mota Mai Sauƙin Gyara: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Shirin Saye a Maraɗi

Shekaru da dama ke nan ƙannena da abokan aiki da ƴaƴan maƙwabta suna zuwa mini da hoton mota a waya, suna neman shawara kafin su biya kuɗi, domin sun san na taɓa riƙe wata motar Jamus mai gudu har tsawon shekara huɗu kafin na koma Corolla. Tambayoyin da suke yi kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ga ya dace in tattara su wuri guda tare da amsar da nake bayarwa. Ina son motocin Turai, kuma har yau idan na ji kukan inji mai silinda shida ya wuce sai na waiwaya. Sai dai zaman gareji ya koya mini cewa ainihin tsadar mota a Maraɗi tana bayyana ne ranar da ta tsaya, aka fara lissafin nisan da ke tsakaninta da kayan gyaranta, da kuma nisan da ke tsakaninta da mutumin da ya san cikinta.

Yaya, me ya sa BMW ko Audi da ta fi Corolla kyau da ƙarfi take yin araha a hannun dillalai?

Saboda kasuwa ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke tafe daga cikin farashin. Dillali da ya daɗe a harkar ya san wace mota ce ke fita cikin mako guda, wace ce kuma ke kwana wata uku a fili tana shan ƙura, kuma da wannan sanin yake yanka kuɗi. Can Turai ma haka abin yake: a Jamus ana kai mota binciken lafiya duk shekara biyu, kuma idan mai ita ya ga gyaran da ake nema ya kusa kamo darajar motar, sai ya sayar wa masu fitarwa waje. Da yawa daga cikin motocin da muke kira ƴan Kwatano ta wannan ƙofa suka fito, da fenti mai sheƙi da kujerun fata, amma da aikin da tsohon mai su ya ƙi biya. Tun bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 da rufe iyakar Gaya da ke tsakaninmu da Benin, motoci da kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanyar da ta fi nisa da tsada, don haka idan ka ga babbar motar Jamus ta iso har nan kuma tana ƙasa da farashin Corolla sa'arta, ka tsaya ka nemi dalili kafin ka yi murna.

Ai Peugeot da Marsandi ma na Turai ne, kuma iyayenmu sun more su. Me ya canja?

Wannan tambaya ce mai kyau, domin ba Turai ba ce matsalar. Peugeot 504 da 505 sun yi wa wannan yanki hidimar da babu mai musunta, kuma tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, wanda ya sa kayanta suka wadata a kasuwanninmu, makanikai kuma suka tashi da ita a hannu. Marsandi 190, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, da Golf 2 da Golf 3 da Opel, duka sun zauna da mu lafiya, domin injinsu a buɗe yake, wayoyinsu kaɗan ne, kuma bakanike mai kunne yana iya gane ciwonsu daga sauti.

Abin da ya canja ya faru ne daga wajen shekarar 2000 zuwa sama. Dokokin hayaƙi na Turai suka yi ta tsanani, masu ƙera motoci suka koma ƙananan injuna masu turbo, masu fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, suka cika motar da kwamfutoci masu magana da juna, suka maye gurbin ƙarfe da roba a wurare da yawa don rage nauyi. Motocin da matasa ke sha'awa yanzu, irin su BMW E90 da ta fito a 2005, da Golf 5 GTI mai ƙarfin doki 200, da Audi A4, da Marsandi C ta 2007 zuwa sama, daga wannan zamani suke. An ƙera su ne don ƙasa mai sanyi, mai santsin titi, mai tsabtataccen mai, inda gareji mai na'ura yake a kowace unguwa. Ba a yi musu ƙarya ba idan aka ce nagartattu ne, amma nagartarsu tana da sharuɗɗa, kuma yawancin sharuɗɗan nan babu su tsakanin Gidan Rumji da Tasawa.

Shin zafin Maraɗi da ƙurar hunturu suna yi wa irin waɗannan motoci illa da gaske?

Ƙwarai kuwa, kuma a nan ne na fi son mai saye ya natsu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, a kan kwalta kuma ya fi haka. Injunan Jamus na wannan zamani da yawa an tsara su su riƙa aiki da zafin da ya kai digiri 100 ko ya ɗara, don su rage shan mai da hayaƙi, wato tazarar da ke tsakanin aiki lafiya da tafasa ba ta da yawa. Tankin ruwan inji, da bakin lagireto, da mahaɗan tiyo, da gidan na'urar daidaita zafi, duka na roba ne, kuma robar da ta yi shekara goma sha biyar tana dahuwa tana hucewa takan bushe ta koma kamar ƙwaryar da ta kwana a rana. BMW E46 an san ta da wannan rauni na tankin ruwa da famfon ruwa. E90 ta fetur mai silinda shida kuwa famfon ruwanta na lantarki ne, yana iya mutuwa farat ɗaya ba tare da ya yi ƙara ko ya ɗiga ba. Injin da aka yi da alminiyom ba ya yafe tafasa: minti kaɗan kan lanƙwasa kan inji, gaskit ya ƙone, aikin da ya kamata ya ci kuɗin roba ɗaya ya koma sauke inji.

Na ga wannan da idona. Wata ranar bazara na tashi zuwa Tasawa ɗaurin aure, na wuce Agiye kaɗan sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi yana shigowa, na duba na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa. Na kashe motar nan take na gangara gefe. Da na buɗe bonet sai na tarar da tsaga siririya kamar gashi a jikin tankin ruwa, tana fesar da tururi. Wani yaro mai amalanke ya taimaka mini da jarkar ruwa, muka zuba, ruwan ya bi ta tsagar ya sauka cikin rairayi. Janyo ta aka yi zuwa gari, kuma ta kwana takwas a gareji ana jiran robar da ba ta fi tulun shayi girma ba ta iso daga Kano. A cikin kwanakin nan an kawo wata tsohuwar Carina da ruwa ke zuba daga lagiretonta da hantsi, kafin la'asar mai ita ya tafi da abarsa.

Ƙura kuwa aikinta a hankali take yi. Tana toshe matatar iska, tana lulluɓe na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, tana cushe ramukan lagireto har iska ta daina ratsawa. Kowace mota tana shan wannan, amma mai turbo ta fi jin jiki, domin fankar turbo tana juyawa da gudun da ya wuce dubu ɗari a minti, kuma ƙwayar rairayi a wannan gudu tamkar tsakuwa ce.

Man da muke sha a nan zai yi mata?

Idan daga gidan mai amintacce ne, yawancinsu za su tafi, amma ba za su ba ka dukan ƙarfin da ka saye su dominsa ba. A Turai fetur mai lamba 95 shi ne na yau da kullum, akwai kuma 98, wanda injuna masu turbo irin na GTI suka fi so. Idan man bai kai ba, kwamfutar motar takan ja da baya don ta kare injin, gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram take ba ƙasar nan fetur da gazuwal, kuma tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ribar fasa-ƙwauri ta ragu, amma har yanzu ƴan ruwa-ruwa suna nan da kwalabe da jarkoki a bakin hanya, kuma duk wanda ke tafiya ƙauye wata rana sai ya sha a hannunsu. Man da ya kwana a jarka yana ɗaukar ƙura da ruwa. Tsohuwar Corolla za ta yi tari ta wuce, amma famfo mai matsi da allurai masu fesa mai kai tsaye ba sa haƙuri da datti, kuma suna cikin kayan da suka fi tsada a jikin motar.

Masu gazuwal sun fi ba ni tsoro. Daga wajen 2009 kusan duk motar gazuwal ta Turai tana ɗauke da matatar toka a cikin salansa, wadda aka yi ta don gazuwal mai ƙarancin farar wuta ƙwarai, kashi 10 cikin miliyan, alhali gazuwal ɗin yankinmu ya daɗe yana ɗauke da fiye da haka. Matatar tana buƙatar doguwar tafiya don ta ƙone tokar da ta tara; idan zirga-zirgarka daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa ce kawai, za ta toshe, motar ta rage wa kanta ƙarfi, fitila ta kama.

Hanyoyinmu fa?

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Ƙonni ta ratsa nan ta nufi Damagaram, tana da wuraren da irin wannan mota za ta nuna kanta, kuma wanda ya taɓa tuƙa ta a can ya san daɗin da nake nufi. Amma ba a kan wannan hanya kake kwana ba. Lungun gidanku rairayi ne, da damina kuma ruwa yana yanka shi, sannan ga tudun rage gudu da ake ginawa a kowane gari. Motar gudu a ƙasa take zaune, tsakaninta da ƙasa bai fi santimita 13 ko 14 ba, yayin da RAV4 ke da wajen 19, Hilux kuma ta haura 20. Tukunyar baƙin mai ta alminiyom idan ta daki dutse fashewa take yi, ba ta lotsawa kamar ta ƙarfe.

Ka duba taya ma. Corolla mai taya 195/65 R15 tana da gefen roba mai tsawon milimita 127 tsakanin ƙarfe da ƙasa, mai 225/45 R17 kuwa milimita 101 ne kawai, don haka ramin da waccan za ta shanye, wannan zai kumbura mata taya ko ya lanƙwasa ƙafa. BMW E90 da yawa ma ba su zo da safaya ba, domin an sa musu tayar da ke iya ɗan tafiya bayan ta sace. Da zarar an canja su da tayoyi na gama-gari, kamar yadda kusan kowa ke yi saboda tsada, ka zama mai tafiya Dakoro ko Mayahi ba tare da safaya ba, sai dai ka saya ka ajiye a but ta cinye wurin kaya.

Wato makanikan Maraɗi ba su iya aikin ba ke nan?

Ban faɗi haka ba, kuma ba na son a ɗauke shi haka. Garin nan yana da makanikai masu basira waɗanda ke tayar da motar da a Turai da tuni an kai ta juji. Gwaninta tana bin abin da hannu ya saba taɓawa: wanda ya buɗe injin Toyota sau ɗari ya san kowane ƙusa, amma injin Audi mai turbo wataƙila sau biyu ya gani, kuma bai kamata motarka ta zama allon koyonsa ba. Akwai kuma batun kayan aiki. Tun 2001 motocin fetur na Turai suke da mahaɗin da ake sa wa na'urar bincike, kuma ƙaramar na'ura tana karanta laifin inji, amma shiga kwamfutar giya ko ta birki ko ta makulli yana buƙatar na'ura ta musamman da wanda ya iya fassara abin da ta nuna. A BMW E90 ko batir aka canja sai an sanar da kwamfuta, in ba haka ba za ta ci gaba da caja shi kamar tsoho. Injinta na fetur mai silinda shida ba shi da sandar duba baƙin mai, sai dai allo ya gaya maka, kuma idan na'urar aunawar ta lalace kana tafiya a makance. Kafin ka sayi motar, ka fara nemo bakaniken, ka je garejinsa ka ga ko akwai irinta a ajiye, ka tambayi masu su kwana nawa suka yi suna jira.

Kayan gyara a ina ake samu?

Na Toyota da Honda da tsofaffin Peugeot suna nan cikin gari, sabo da na kwance, kuma abin da babu ana kawo shi daga Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano cikin kwana ɗaya ko biyu. Na motocin Jamus na yau da kullum, kamar birki da matata da shokozoba, su ma ana samu a Kano da Yamai, ko a aiko daga Ladipo ta Legas. Wahalar tana cikin kayan lantarki da na giya, waɗanda dole lambarsu ta dace daidai, wani lokaci ma sai an haɗa su da kwamfutar motar. Irin waɗannan sai an yi odarsu daga Turai ko Dubai, a biya da kuɗin waje. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ga kuɗin jirgi ga na duwan, kuma idan aka kawo wanda bai dace ba babu mai karɓa ya mayar maka.

Kana nufin Toyota ba ta da aibi?

Tana da shi. Injin Corolla mai lita 1.8 na farkon shekarun 2000 an san shi da shan baƙin mai, haka ma mai lita 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009. Honda Accord mai silinda shida ta wajen 2000 giyarta mai canja kanta ta ba mutane wahala. Farin jinin Toyota ya sa ana tsawwala kuɗinta, ya kuma sa jabun kayanta suka cika kasuwa, har matatar mai da filogi. Sannan da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa sun yi aikin haya sun gaji, an yi musu fenti an mayar da kilomita baya. Bambancin shi ne idan Corolla ta yi ciwo, ciwon sananne ne, maganin yana kusa, kuma kuɗinsa bai cika wuce abin da ma'aikaci zai iya fitarwa a ƙarshen wata ba. Tun 1966 ake ƙera ta, an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya, kuma wannan yawan shi ne ya sa ko a garejin ƙauye ba baƙuwa ba ce.

An ce motocin Turai sun fi kare rai idan aka yi hatsari. Wannan bai isa dalili ba?

Dalili ne mai nauyi, kuma ba zan raina shi ba. Motocin Jamus na wannan aji sukan zo da jiki mai ƙarfi, da jakunkunan iska shida ko fiye, da na'urar hana zamewa, a lokacin da ƙananan motocin Japan da yawa ba su da ita. Sai a watan Nuwamban 2014 Tarayyar Turai ta wajabta ta ga kowace sabuwar mota. Amma ka tabbata kayan suna nan kuma suna aiki, domin motar da ta taɓa hatsari akan rufe gurbin jakar iska babu komai a ciki, a kashe fitilar gargaɗi. Ka kuma tuna da abin da ke kan hanyarmu: amalanke marar fitila bayan magariba, garken awaki, ƴan kabu-kabu, babbar mota da ta lalace aka jera mata ganye. Motar da ke kai kilomita 160 ba tare da ka ji a jikinka ba tana jan ƙafa zuwa gudun da hanyar ba ta ɗauka, kuma na yi ta'aziyyar da ba na son in sake yin irinta.

Idan na tashi sayarwa fa?

Corolla ko RAV4 mai lafiya kamar tunkiya ce a gida, ranar da buƙata ta taso za ka samu mai saye kafin mako ya zagayo, kuma asarar ba za ta yi yawa ba. Motar gudu masu nemanta kaɗan ne, yawancinsu matasa ne da kuɗinsu bai kai ba, kuma duk wanda ya zo ya san dalilin da ya sa kake sayarwa. Ga ɗan kasuwa wanda ke iya buƙatar kuɗinsa da gaggawa lokacin sayen gyaɗa ko wake ko riɗi, wannan kaɗai ya isa abin dubawa.

Akwai tsaka-tsaki, mota mai daɗin tuƙi da ba za ta wahalar da ni ba?

Akwai. Camry ta 2007 zuwa sama mai silinda shida da lita 3.5 tana da ƙarfin doki sama da 260, wato ta fi GTI ƙarfi, kuma makanikanmu sun san ta, sai dai ka shirya wa shan mai. Honda Accord da Mazda 6 suna riƙe hanya da kyau. Lexus IS200, wadda aka yi daga 1999 zuwa 2005, tana da silinda shida a jere kuma ƙafafun baya ke turawa kamar BMW, amma cikinta Toyota ce. Peugeot 406 ma, ga wanda ya samu mai lafiya, tana da laushin tafiya a kan hanya marar kyau wanda motoci kaɗan suka kai ta.

Na ji duka, amma raina yana kan ta Turai. Wace zan ɗauka?

To, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma ba laifi ba ne mutum ya sayi abin da yake so idan ya san nauyinsa. Shawarata ita ce ka nemi mafi sauƙin cikinsu: ta fetur, marar turbo, mai giyar hannu, mai ƙananan ƙafafu inci 16, wadda ba a taɓa yi wa kwaskwarimar ƙarin gudu ba. BMW E46 mai injin M54 tana cikin waɗanda na fi yarda da su, muddin aka sabunta dukan kayan ruwanta, kuma tana da sandar duba mai da safaya. Ka yi nesa da BMW mai gazuwal ta injin N47, wadda sarƙar injinta take ta baya, sai an sauke giya ko inji kafin a kai gare ta. Ka yi hattara da Audi A4 mai lita 2 da turbo ta 2008 zuwa 2011 saboda shan baƙin mai, da Golf 6 GTI ta farko saboda abin ɗaure sarƙa, da giyar Volkswagen mai canja kanta da ake kira DSG, mai hawa bakwai marar mai a kuloci, wadda zafi da cunkoso ke gajiyarwa. DSG mai hawa shida ta fi ƙarko, amma tana son a canja mata mai na musamman duk kilomita 60,000. Duk motar da ke tashi da sauka a kan iska maimakon sifirin, ka bar ta inda ka gan ta. Alfa Romeo kuwa, duk da kyanta, kayanta sun yi nisa da mu ƙwarai.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko muhimmanci. Idan ita ce motarka ɗaya tilo, wadda za ta kai yara makaranta, ta kai maiɗaki asibiti da tsakar dare, ta kai Baba ƙauye, ban ba ka shawarar ta Turai mai gudu ba, ko da an ba ka ita rabin kuɗi. Idan kuwa akwai wata a gida, kuma bayan ka biya za ka iya ajiye kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar a gefe don gyaran shekarar farko ba tare da ka taɓa jari ko cefane ba, to bismilla.

Me zan duba ranar ciniki?

Ka tafi da bakanikenka, ban da wanda dillali ya kawo, kuma ku je da sassafe kafin a tayar da ita, domin inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Ƙarar sarƙa ta daƙiƙa biyu ko uku a tashin farko alama ce babba. Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, dole dukan fitilun gargaɗi su kama sannan su mutu, kuma wadda ba ta kama ba an cire ta ne ko an rufe ta. Ka buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga abu mai kama da kindirmo a jikinsa, ruwa na iya kasancewa yana haɗuwa da mai. Shuɗin hayaƙi na nufin tana ƙona baƙin mai. Ka ɗaga darduma ka duba ko akwai busasshen taɓo ko tsatsa a ƙusoshin kujera, domin motocin ambaliya daga Amurka suna shigowa, ka kuma leƙa ƙarƙashi saboda gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Ka gwada kilomitan da allo ya nuna da yadda sitiyari da robar birki da kujerar direba suka goge. A gefen taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma tayar hunturun Turai ba ta jure kwaltarmu. Daga nan ku hau hanyar burji ku saurari ƙafafu, sannan ku bar ta a tsaye da rana tsaka, inji da na'urar sanyi suna aiki, har minti ashirin, kuna kallon allurar zafi.

Takardu fa?

Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 dole ta zama ɗaya a jikin ƙarfe da takardar duwan da kart giriz, wato takardar rajistar mota. Ka ga asalin takardar duwan da idonka, musamman idan motar ta shigo ta Ɗan Isa da lambar Nijeriya. Ka tuna cewa binyet, wato harajin mota na shekara, da asiransi suna bin dokin da aka rubuta a kart giriz, don haka babban inji yana da nasa kuɗin kowace shekara ko da motar ba ta motsa ba. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a sa la'adar dillali a fili tun kafin a shafa fatiha.

Na riga na saya. Me zan fara yi?

Kada ka jira ta nema. A makon farko ka yi mata juye da baƙin man da ya dace da lambar da kamfanin ya rubuta, LL-01 ga BMW ta fetur, 502.00 ga Volkswagen da Audi, 229.5 ga Marsandi, kuma ka sani mai silinda shida tana shan wajen lita 6.5, inda Corolla ke tsayawa a wajen 4. Ka manta da tazarar kilomita 25,000 ko 30,000 da allon zai nuna maka, wannan lissafin Turai ne. A ƙurarmu da zafinmu ni ba na wuce 5,000 zuwa 7,000. Ka canja tankin ruwa da famfo da na'urar daidaita zafi da tiyoyi gaba ɗaya, ka zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, domin ruwan rijiya yana barin gishiri a cikin lagireto, kuma kada ka yarda a cire na'urar daidaita zafi da sunan maganin tafasa. Idan injin mai bel ne, kamar na Golf 5 GTI, kuma babu takardar da ta nuna ranar da aka canja shi, ka canja shi yanzu, domin idan ya tsinke fistan da bawul za su haɗu. Ka sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, ka riƙa duba matatar iska kowane mako biyu lokacin hunturu, ka ajiye safaya da jarkar ruwa da igiyar ja a but, sannan ka sayi tankin ruwa na biyu da na'urar da ke auna juyawar inji ka ajiye a gida tun kafin ranar buƙatarsu.